Shekara Huɗun Da Yaya Salifu Ya Bar Mana

Shekara takwas ke nan da aka ɗauki yayana Salifu daga gidanmu na Guéma aka kai shi makwancinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai aiki ya sha kaina, ko kuma in zauna da biro a hannu in rasa ta inda zan kama. Ba malami ba ne balle in lissafa almajiransa, bai gina masallaci ba, bai taɓa riƙe muƙamin da ake tashi tsaye idan mutum ya shigo ba. Yawancin aikinsa ya yi shi ne a wani ɗan ɗaki bayan wurin ajiyar magani, gaban wani baƙin akwati mai ƙaramar fitila, wanda ko mu ma'aikata ba mu cika leƙawa ba. Bana dai na ɗaure na zauna, don na ga abin da ya sa bai kamata in ci gaba da shiru ba.

Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a Bariénou. Asibitin ɗaya ne cikin uku da ƙungiyar 'yan kasuwar danginmu ta buɗe: ɗaya a Guéma cikin Parakou, ɗaya a cikin garin Djougou, sai namu na ƙauye. Kakanninmu fataken goro ne da suka yada zango a Djougou suka zauna, mahaifinmu ne ya koma Parakou da sana'ar hatsi, ya kafa rumfa a kasuwar Arzèkè. Kowa ya ɗauka Salifu, da yake shi ne babba, zai gaji rumfar. Sai ya tafi lakwal, makarantar boko, ya daɗe, ya dawo da ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Mahaifinmu har ya rasu bai gane abin da ɗansa yake yi ba. Idan aka tambaye shi sai ya ce, "Yana gyaran telebijin ɗin da ba ta nuna komai."

Kafin zuwan Salifu, duk tarihin mara lafiya yana cikin karne, ɗan littafin nan da muke ba mace idan ta fara awo. Karne kuwa ruwa yana jiƙa shi, gara tana cinsa, yaro yana yaga shi, mace tana barinsa a gidan da ta yi yaji. Shekara sha huɗu da suka wuce kwamitin ƙungiya ya ɗauki Salifu ya sa wa kowane asibiti uwar na'ura, wadda shi yake kira serveur, ita ce baƙin akwatin nan. A cikinta ake adana komai: sunan mace, irin jininta, yadda haihuwarta ta baya ta kasance, allurar da aka yi wa ɗanta da wadda ta rage. Ƙananan na'urorin da muke dannawa a ɗakin awo da ɗakin gwaji duk daga wurinta suke ɗaukowa, kuma wurinta suke mayarwa.

Ban san komai a wannan fanni ba, amma abu ɗaya ya maimaita mini har na haddace. Ya ce kowace uwar na'ura tana da babbar manhajar da take tafiyar da ita, système, kuma masu yin irin wannan manhaja hali biyu ne da su. Akwai masu fito da sabon zubi duk wata shida, cike da sababbin abubuwa, amma bayan 'yan watanni su daina kula da na baya, dole ka bi su ko a bar ka a buɗe. Akwai kuma waɗanda sai sun shekara biyu ko fiye suna gwadawa kafin su saki zubi ɗaya, sannan su yi alkawarin kula da shi har shekara biyar: duk ɓarakar da ɓarayin intanet za su iya bi su toshe ta, amma ba za su sauya maka wurin komai ba. Abin da ya yi aiki ranar da aka sa shi, haka zai yi ranar ƙarshe. Wannan na biyun Salifu ya zaɓa mana.

Na taɓa tambayarsa ko ba ya jin kunya abokan karatunsa suna ta sabon abu shi yana riƙe da tsoho. Muna cin sakwara a gidansa ranar wata Juma'a. Ya ajiye lomar da ya ɗebo ya ce, "Balkisa, a na'urata ta gida ina sa sabon abu duk sati, in ya lalace ni kaɗai zan ji haushi. Amma taku, mace tana naƙuda kina neman irin jininta, shi ne lokacin da zan so ki tarar an sauya wa maɓalli wuri?" Ban sake yi masa wannan tambayar ba.

A shekara ta uku ne aka so a raba shi da aikin. Wani ƙwararre ya zo daga Cotonou, Musye Gildas, mutum mai fara'a da iya magana, kuma ba zan ɓoye ba, ya san aikinsa. Ya zagaya asibitocin uku, ya duba, ya rubuta wa kwamiti cewa manhajarmu ta tsufa, duniya ta yi gaba, a koma kan mai fitowa duk wata shida. Ya nuna wa dattawa allon na'urarsa, launuka suna motsi, komai yana sheƙi. Namu kuwa baƙin allo ne da farin rubutu. Duk wanda ya ga biyun ya san wanda zai burge shi.

Aka kira taro a zauren kawunmu Alhaji Mamudu a Djougou, shi ne shugaban kwamiti a lokacin. An gayyace ni a madadin ma'aikatan Bariénou, na zauna daga bakin ƙofa. Bayan Musye Gildas ya gama bayani da faransanci, Kawu ya juya ya dubi ɗan ƙanwarsa.

"Salifu, ka ji. Mutumin nan ya ce ka bar mu a baya. Me za ka ce?"

"Kawu, gaskiya ya faɗa, namu ba shi ne sabo ba. Amma ba a yashe yake ba. Duk wata ina sa masa gyaran da masu shi suka aiko, kuma saura shekara biyu cur su daina. Na san watan, na rubuta shi, na fara shiri."

"To me zai hana mu ɗauki sabon tun yanzu?"

"Mu ɗauka, Kawu. Amma a sani cewa daga ranar, sau biyu a shekara za mu riƙa kwance asibiti uku muna sake ɗaurawa. Ni kaɗai ne, hanyar Bariénou kuma kun san yadda take da damina. In abu ya ƙi tashi a can, matan da suka zo awo za su jira ni in zo daga Parakou."

Musye Gildas ya yi murmushi ya ce ai tsoro ne kawai, mise à jour, wato sabunta manhaja, ba ta wuce rabin awa. Wani dattijo ya ce yaran yanzu idan suka sami wuri ba sa son a taɓa musu. Wannan maganar ta yi wa Salifu zafi, na ga yadda ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Da ya ɗago sai ya ce, "Kawu, in kwamiti ya yanke, zan miƙa makullai da duk kalmomin sirri yau ɗin nan, ba zan ɓoye komai ba. Amma da hannuna ba zan sa wa ɗakin haihuwa abin da ban gwada ba."

A gidanmu ba a yi wa Kawu irin wannan magana. Ni kuwa na san Salifu yana da mata da 'ya'ya huɗu, kuma ba wani aikin ke jiransa ba. Kawu ya daɗe yana jan carbi, sannan ya raba gardama yadda 'yan kasuwa suke yi: a ba Musye Gildas asibitin Djougou ya gwada nasa, Guéma da Bariénou su zauna a hannun Salifu, a ga abin da lokaci zai nuna. Abu ɗaya Salifu ya roƙa, a bar shi ya riƙa ɗaukar kwafin bayanan Djougou duk mako. Aka ce ya ɗauka.

Sauyi na farko a Djougou ya wuce lafiya, na biyu ma haka, sai ɗan ƙorafin cewa injin buga takarda ya daina ji har kwana uku. Mutane suka fara yi wa Salifu kallon mai taurin kai. Ko ni na fara tunanin ko ya yi tsauri da yawa. Na uku ne ya faɗo a ranar awon yara. Ba na wurin, Zuwaira ce ta ba ni labari, ita ce mai gwajin jini a asibitin a lokacin. Ta ce da safe aka kunna, manhajar da ke riƙe da sunayen marasa lafiya ta ƙi buɗewa, saboda sabon zubin ya sauya wani abu a ƙarƙashinta da ba ta san shi ba. Mata sun cika gindin mangwaro da goyo, wasu tun daga ƙauyuka a bayan zem, babur na haya. Masu karne aka yi wa 'ya'yansu allura. Waɗanda suka zo hannu sake, suna dogaro da cewa na'ura ta san su, ba wanda ya yarda ya yi musu a kan ka, kada a maimaita wa yaro abin da aka riga aka yi masa. Aka ce su dawo. Musye Gildas yana Cotonou, yana ta ba da umarni a waya, abin ya ƙi.

Zuwaira ce ta kira Salifu. Ta ce bai tambaye ta komai ba sai, "Kada kowa ya ƙara taɓa ta." Ya hau mota daga Parakou, ya iso bayan azahar, ya mayar da tsohon zubi, ya zuba kwafin da yake ɗauka. Bayanan kwana huɗu suka ɓace, shi da Zuwaira suka zauna suka sake shigar da su daga rajistar takarda. Matan da aka mayar gida kuwa, wasu ba su dawo ba, sai da ma'aikata suka hau moto suka bi su ƙauye ƙauye. An same su duka, amma an ɗauki makonni.

Abin da nake alfahari da shi a wannan labari ba wai gaskiyarsa ta fito ba ne. Yadda ya riƙe ta ne. A taron da ya biyo baya dattawa suka so su yi wa Musye Gildas ca, Salifu ya hana. Ya ce manhajar da mutumin ya kawo ba ta banza ba ce, an yi ta ne don masu gwaji da masu ma'aikata da yawa, waɗanda idan na'ura ɗaya ta faɗi akwai wata a gefe. Mu ne ba mu da wannan halin. Kawu bai ce masa ya yi haƙuri ba, ba a san shi da haka ba. Sai dai da aka tashi ya kira shi gefe ya damƙa masa makullin ɗan ɗakin Djougou, ya ce, "Ka gaida iyali."

Ba zan rubuta wannan in nuna kamar zaɓinsa bai taɓa cutar da mu ba, don shi kansa ba zai yarda ba. Akwai shekarar da aka ba Bariénou kyautar injin eko, na duba ciki. Mun yi murna har da guɗa. Aka zo haɗa shi da uwar na'ura, sai ta ƙi gane shi, wai ya fi ta ƙuruciya, sai zubi na gaba ne zai san irinsa. Na ce wa Salifu ya sauya mana manhajar kawai. Ya ce a'a, lokaci bai yi ba. Injin nan ya zauna cikin kwalinsa wata da watanni, ni kuma ina tura mata masu ciki Djougou a bayan moto don abin da yake ajiye a ɗakina. Na yi fushi da shi sosai. Na je Parakou bikin sunan ɗiyar maƙwabcinsa na ƙi shiga gidansa.

Daga baya ya zo da wata ƙaramar na'ura daban, ya sa mata sabon zubi, ya haɗa ta da eko ita kaɗai, hotunan kuma suna wucewa zuwa uwar na'ura ba tare da an taɓa ta ba. Aikin bai ɗauke shi yini ɗaya ba. Na ce, "Yaya, da ma haka abin yake da sauƙi ka bar ni ina wahalar da mata?" Ya ce, "Laifina ne, Balkisa. Na tsaya kan a'a, ban zauna na nemi wata hanya ba. Ki yafe mini." Na yafe masa, amma har yau idan na tuna watannin nan raina yana ɓaci. Mai tsayawa kan abu ɗaya yakan manta cewa wanda yake ce wa a'a shi ma yana da mutane a gabansa.

Da shekara biyar ɗin farko suka kusa cika, na ga yadda yake sauya zubi, sai na gane me yake nufi da shiri. Wata shida kafin lokaci ya samo wata tsohuwar na'ura ya sa mata sabon, ya zuba mata kwafin bayananmu, ya sa kowannenmu ya zauna ya yi aikinsa na kullum a kanta kamar da gaske. Mai ba da magani ya gano takardarsa tana fita a karkace, aka gyara. Ni na gano ba a ganin wasu sunaye masu ɗigo a kan harafi, aka gyara. Ranar da aka yi sauyin na gaske, Lahadi ce da hantsi, Litinin muka zo aiki ba wanda ya lura an yi wani abu. Ya ce wannan shi ne yabon da yake so.

Shekara ɗaya bayan haka ciwon ƙoda ya kama shi. Bai daɗe ba, wata biyar ne tsakanin ranar da ƙafafunsa suka fara kumbura da ranar da ya cika. Kwamiti ya shiga damuwa, don babu wanda ya san cikin baƙin akwatin nan sai shi. Aka fara maganar nemo wani daga kudu. Salifu ya ce a kira masa Zuwaira. Tun ranar awon yaran nan take binsa da tambaya, shi kuma yana nuna mata. Mace ce mai 'ya'ya uku, ba ta taɓa shiga ajin na'ura ba. Ina zaune a gefen gadonsa da rana ta shigo, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya miƙa mata wani babban littafi mai baƙin bango da ya cika da rubutun hannunsa.

Ta ce, "Malam Salifu, ni fa gwajin jini na sani. Wannan ya fi ƙarfina."

Ya ce, "Yau ya fi ƙarfinki. Amma ba yau ake nema ba. Abin da ke kan na'urorin nan ba zai sauya ba sai nan da shekara huɗu. Duk wata ki sa gyaran da aka aiko, shafi na uku. Duk mako ki ɗauki kwafi, ki gwada ko yana buɗuwa, shafi na biyar. Wannan kawai. Sauran lokacin ki yi karatu. Shekara huɗu kike da su, Zuwaira, ba wanda zai kore ki."

Ta karɓa tana kuka. Kwana tara bayan nan ya rasu.

Sai bayan rasuwarsa na fahimci abin da ya saya mana da taurin kan da aka zarge shi da shi. Da muna kan mai sauyawa duk wata shida, da tun ba a share makoki ba lokacin sauyi ya zo, babu mai yi, kuma ba a isa a bari ba. Amma na'urorin nan uku suka ci gaba da aiki kamar mai su yana nan. Zuwaira ta yi shekarar farko tana bin littafin layi layi. A ta biyu ta fara gane dalilin kowane layi. A ta uku ta je kwas a Parakou, kwana biyu a mako, mijinta yana riƙe mata yara. A ta huɗu ta samo tsohuwar na'ura ta fara gwaji, ta zaunar da mu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zo ya tsaya mata ranar sauyin kuwa Musye Gildas ne. Tun da ya zo ta'aziyya ya bar mata lambarsa, kuma bai taɓa ƙin ɗauka ba. Ya gaya mini da bakinsa cewa yanzu duk ƙaramin asibitin da ya nemi shawararsa, mai dogon zango yake ce musu su sa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Wayar da ke hannuna kusan duk mako sai ta nemi in bar ta ta sabunta kanta, in wayi gari in tarar ta ɓoye mini abin da na saba dannawa. Babban ɗansa, wanda yanzu yake jami'a, yana yi mini dariya idan na yi ƙorafi, yana cewa Gwaggo haka duniya take yanzu. Ina jin da Salifu zai bar wayar ta yi abinta, don bai taɓa ƙin sabon abu ba, shi ne ma na farko da ya kawo fano, farantin nan mai tara hasken rana, asibitinmu lokacin da kuran, wato wutar lantarki, yake yi mana wasa. Abin da zai tambaya shi ne wanda ya saba tambaya: idan abin ya tsaya, wa zai tsaya tare da shi, kuma wa zai zo ya tayar?

Yanzu ma akwai magana a kwamiti cewa a kwashe bayananmu a kai su ajiya can nesa ta intanet, a huta da baƙin akwati. Mai yiwuwa ranar tana zuwa, mai yiwuwa ma ita ce daidai. Ban san abin da zai ce ba, kuma ba na son in sa masa magana a baki, don mamaci ba ya iya gyara abin da aka faɗa da sunansa. Na dai san zai so ya ji shekara nawa masu ajiyar suka yi alkawari, zai so ya gani a rubuce, kuma zai zo Bariénou cikin watan da ruwa ya fi ƙarfi ya ga ko rezon intanet yana kamawa. Zuwaira ta nemi a ba ta shekara ɗaya ta gwada kafin a yanke. An ba ta. Zubin da muke kai ma saura shekara ɗaya a daina kula da shi, ta riga ta kafa takarda a bango da watan a rubuce.

Abin da ya sa na kasa yin shiru bana ya faru ne a daminar da ta wuce. Ranar kasuwa ce, da hantsi, aka kawo mini wata mata a kan zem, naƙuda ta fara. Adiza sunanta. Ba ta da karne, ba ta yi awo a wurinmu ba, ta ce shekara da shekaru suna zaune can wajen iyaka, bana suka dawo. Na duba ta, komai daidai, kan ɗa ya sauko, da na bi abin da idona ya gani da na kwantar da ita ta haihu a wurina. Ina rubuta sunanta sai ta ce, "Madam, ai a nan na haifi ɗan farina, ke ce ma kika karɓe shi." Ban tuna ta ba. Na buga sunanta da na mahaifinta, kafin in ɗauke hannu shafinta ya fito, na shekara sha uku da suka wuce, da kalmomin da ni kaina na shigar: ta zubar da jini sosai bayan haihuwa, jininta irin wanda ba a cika samu ba ne, wanda ya ba ta jini ƙanen mijinta ne. Har sunansa yana nan.

Na ce, "Adiza, me ya sa ba ki gaya mini kin taɓa zubar da jini ba?"

Ta ce, "Ai ya daɗe, Madam. Biyun da na haifa a gida bayan nan lafiya lau."

Ban saurari wannan ba. Na sa aka nemo mota, na kira babban asibiti a Djougou na gaya musu irin jinin, na sa mijinta ya nemo ƙanensa, aka same shi a tasha yana jiran fasinja, ya bi su a kan moto. Ta haihu bayan azahar, mace. Jinin ya ɓalle kamar wancan karon, har ya fi. Amma likita yana tsaye, jini yana rataye, mai bayarwa yana zaune a waje. Da a ɗakina abin ya same ta, da hanyar nan ta damina a tsakaninmu da taimako, ban san me zan rubuta a shafinta ba.

Layi uku ne suka tsaya mata. Sun shekara sha uku a cikin akwati, an sauya manhajar da ke ƙarƙashinsu sau biyu, an sauya akwatin kansa sau ɗaya, wanda ya fara ajiye su ya shekara bakwai a ƙasa, amma ko harafi ɗaya bai ɓace ba. Da na koma gida ranar na kira matar Yaya na ba ta labari.

Idan aka tambaye ni me ya rage na Salifu, ba zan nuna na'ura ba, don wadda ya taɓa da hannunsa ta riga ta mutu an cire ta. Abin da ya rage hali ne da ya shiga jikin mutanen da ba su ma san daga wurinsa suka ɗauka ba: a gwada kafin a ɗora wa jama'a, a san ranar da abu zai ƙare tun ranar da aka fara shi, a bar wa na baya lokacin da zai koya. Adiza ta zo da jaririyar awo makon jiya, ta yi ɓul-ɓul, tana ta cusa hannu a baki. Uwar ta kawo mini doya huɗu tana ta godiya, wai ni na cece ta. Na ce mata akwai wanda ya riga ni, ta sa shi a addu'a, sunansa Salifu. Ta tambaya ko likita ne. Na ce a'a, yayana ne. Ta ɗaga hannu a nan ɗakin awo, goyo a bayanta, ta roƙa masa gafara da sunansa, matan da ke layi suka amsa da amin. Allah ya karɓa daga bakinsu, ya haskaka kabarinsa, ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo.